Gonar da Muka Zana da Toka

Tun da na dawo daga Amurka ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayin bakin tasha a nan Kaura Namoda sai a kewaye ni. Wannan ya tambayi sanyi, wancan ya tambaya ko da gaske ne kare yana kwana a kan gado, wani kuma so yake ya ji abin da ya sa ake ganina da bokitin toka ina zagaye fili kamar wanda ya zautu. Na gaji da maimaitawa, ga shi kowa ya ɗauki guntun da ya ji ya ƙara masa gishiri. To, na rubuta. Wanda ya sake tambayata takardar nan zan miƙa masa, in ci gaba da shan shayina.

Sunana Lawali. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare kafin in yi ritaya. Ina iya zana taswirar Amurka a allo ban duba littafi ba, har da kogunanta, amma ban san iyakar gonar mahaifina ba. Asalinmu wani ƙauye ne gabas da Zurmi. Ina yaro aka sa ni boko, gona sai lokacin hutu, shi ma raka tuwo nake yi. Da mahaifina ya rasu, ƙanensa Baffa Maidamma ya ci gaba da nomanta, har shekara biyar da suka wuce 'yan bindiga suka tashi garin kaf. Tun lokacin Baffa yake zaune a ɗakin zaurena. Gonar ba ta da takarda. Babu wanda ya taɓa aunata, kuma dattawan da suka san bakinta duk sun kwanta dama, saura shi kaɗai.

Ban san adadin ranakun da ya tare ni zan fita ya ce, "Lawali, zamna in hwaɗa maka iyakar gonar ga," ba. Ni kuma kullum amsata ɗaya ce: "Baffa, bari hanya ta buɗe mu je ka nuna mini a ƙasa." A ganina na malami, iyaka ba abar faɗa da baki ba ce, sai an taka. Gaskiyar magana kuma, ba na son jin zancen garin, don yana tayar mini da hankali.

Dalilin tafiyar shi ne Bashar, ɗana na biyu, don haka ina iya kama sunansa. Ya yi karatun noma, ya samu aikin binciken ƙasar shuka a wata jiha ta kudancin Amurka. Matarsa Nafisa ta haifi namiji, suka sa masa sunan mahaifina, suka matsa sai na je na gan shi. Maganar biza ba zan ɓata muku lokaci da ita ba. Na je Abuja sau biyu, na tsaya a layi kamar ɗan firamare, wani yaro sa'an Bashar ya yi mini tambaya huɗu ta bayan gilashi ya ce an ba ni.

Sai sallama da dangi. Na fara da Shinkafi wurin yayata Kulu. Wanda ya san hanyar a yanzu ya san ba a sammako, sai rana ta ɗaga motoci sun taru a tafi a jere. Akwai wani wuri da direbanmu ya kashe rediyo ba tare da kowa ya ce masa komai ba, mota ta yi tsit, har kajin da wata mata ta riƙo suka yi shiru kamar su ma sun san wurin. Da muka wuce ya sake kunnawa, aka koma gardamar farashin taki daga inda aka tsaya. Muka isa Shinkafi ranar kasuwa, na ratsa ta kara in gaisa da wani tsohon ɗalibina da ke dillancin shanu, na tattaka abin da ake takawa a kara. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Yaya Kulu ta haɗa mini kuka da daddawa da yaji da kilishi, har jakata ta ƙi rufuwa. Ta ce, "Ka ce ma Bashar hoton jinjiri mu ka so, ya daina aiko mamu hoton mota."

Zurmi kuwa Baffa ne ya ce ƙafata ƙafarsa. Muka je muka gaisa da 'yan garinmu da suka rage a can, waɗanda ke raɓe a gidajen mutane. Da za mu dawo ya sa mai babur ya tsaya a bakin gari, daidai inda hanyar ƙauyenmu ta rabu. Ciyawa ta cinye ta, sai sawun babur guda siriri. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya danƙa mini.

"Irin geron gonarmu na," in ji shi. "Tunda bokon yaron ga na noma na, ka kai mai shi gwada. In ka dawo kuma mu zamna."

Na ce in Allah ya so. Na jefa ƙullin cikin jaka, hankalina yana kan tikiti.

Daga Kaura na bi Gusau, na bi Funtuwa da Zariya, na kwana Abuja gidan wani ɗalibina. Jirgi kuwa ba ni da abin faɗa a kansa sai ciwon gwiwa. Tekun da na shekara talatin ina koyarwa na ratsa ta ban gan ta ba, domin kujerata a tsakiya take, kuma wanda ke bakin taga ya ja marfi ya yi barci. An kawo abinci a 'yan robobi, na ci shinkafa da burodi na bar abin da ban gane ba. Mun sauya jirgi a wata ƙasa, inda na yi minti goma ina neman makunnin famfo zan yi alwala, sai da wani ya zo ya tara hannu kawai ruwa ya zubo.

A bakin shiga Amurka aka tambaye ni ko ina ɗauke da abinci, ko iri, ko na shiga cikin dabbobi kwanan nan. Ni da na yi rayuwata ina dukan yara a kan ƙarya, sai na amsa e, e, e. Aka ware ni gefe. Wata ma'aikaciyar kwastan mai fara'a ta sa safar hannu ta buɗe jakata. Da ta kwance daddawar Yaya Kulu sai da ta ja da baya taku biyu, ta tambaya ko abin ya lalace ne. Na ce a'a, yanzu ma ya yi daidai. Ta bar mini ita da kuka da yaji. Kilishi ta jefa a wani babban kwando. Sannan ta ce in cire takalmina, ta kai su ta wanke da magani saboda karar Shinkafi. Ban taɓa zaton zan rayu in ga Baturiya ta wanke mini takalmi ba, na tsaya da safa ina kallon ikon Allah.

Daga ƙarshe ta kwance tsumman Baffa. Ta zuba geron a tafin hannunta, ta ce ta yi haƙuri, doka ba ta yarda iri ya shiga ba. Na yi mata bayani cewa daga gonar mahaifina ne, kuma ba mu iya zuwa gonar yanzu. Ta saurare ni har na gama, ta sake ba ni haƙuri, ta zuba shi a kwandon. Ba ta yi laifi ba, aikinta ta yi. Amma na ji abin ya soke ni fiye da yadda na zata, har na roƙe ta ta bar mini tsumman, ta ba ni.

Gidan Bashar na katako ne, kamar duk gidajen garin. Idan mutum ya yi tafiya a sama, na ƙasa ya san inda ya nufa. Babu katanga, babu zaure, amma kuma babu mai shigo maka. Maƙwabci zai ɗaga maka hannu daga nesa ya tambayi lafiyarka, kafin ka fara ba shi amsa ya shige mota. Kwana uku na farko ina tsayawa in tambayi gajiya da iyali da aiki, sai in ga ina magana da bayan mutum. Ranar Juma'a na kunna turaren wuta a ɗakina, wani abu a rufi ya fasa ƙara kamar ana yanka shi, jariri ya farka, Nafisa ta shigo da gudu tana kaɗa tawul. Tun daga ranar a bakin ƙofa nake turara rigata, maƙwabta suna leƙe.

Jaririn kuwa, goshin mahaifina ne sak. Ba na iya kiran sunansa, sai in ce Mai Sunan Baba.

A sati na biyu zaman gida ya ishe ni, Bashar ya ce in raka shi wurin aiki. Ya ce gonakin gwajinsu a wani tsohon filin jirgin soja suke, wanda aka daina amfani da shi. Muka yi tafiyar rabin awa cikin dogayen itatuwa, muka ɓulla wani sarari. Titunan jirgi uku ne sun haɗu kamar murhu, ciyawa ta fasa simintin, a tsakaninsu an shuka masara da gyaɗa layi-layi. Babu gini sai wani ɗaki ɗaya da ba rufi. Na ce wa Bashar wane irin filin jirgi ne wannan babu ko wurin zaman fasinja. Ya ce ai na sojan ruwa ne. Na duba gabas na duba yamma, ko tafki babu. Ya yi dariya ya ce ga wanda zai ba ni amsa can.

Wani tsoho ne baƙar fata, zaune a kujerar ninkewa kusa da wani shingen waya, da almakashin yankan ciyawa a cinyarsa. Sunansa Mista Amos, shekarunsa sun doshi casa'in. Da Bashar ya ce masa ni mahaifinsa ne daga Najeriya, sai ya miƙe da ƙyar ya riƙe hannuna, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida, bai saki ba sai da na amsa duka. Shi ne mutum na farko da ya gaishe ni gaisuwar mutane a ƙasar. Bashar ya tafi wurin masararsa ya bar mu.

Mista Amos ya ce lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi filin. Babban sansanin sojan ruwa yana can bakin teku, to 'yan koyon tuƙin jirgin sama sun yi masa yawa, sai aka bi dazuzzukan da ke kewaye ana share ƙananan filaye na taimako irin wannan. Ba a kwana a cikinsu, ba a ajiye jirage. Da safe su taso daga sansani su zo su yi ta koyon sauka, da yamma su koma. Tituna uku kuma saboda iska ne, duk inda ta juya akwai wanda ya fuskance ta.

Ya ce in biyo shi. Muka taka a hankali, yana dogara sanda, har tsakiyar titi mafi tsawo. Ya nuna mini ƙasa. Sai da na ƙura ido sannan na ga ragowar farin fenti, wani dogon zane mai kusurwa huɗu, da layi a tsakiyarsa.

"Ga jirgin ruwan," in ji shi. "Kana tsaye a kansa."

Ya yi mini bayani. Akwai manyan jiragen ruwa na yaƙi da ke ɗaukar jiragen sama a bayansu. Wurin saukar gajere ne, yana tafiya, ga ruwa ta kowane gefe, kuma sai ƙugiyar da ke wutsiyar jirgi ta kama wata igiyar ƙarfe sannan ya tsaya. Ba a kai ɗan koyo can kai tsaye, in ba so ake a yi asararsa ba. Sai aka zana girman bayan jirgin ruwan a kan busasshiyar ƙasa, taku bai ƙaru ba bai ragu ba. Wani mutum yana tsayawa a gefe da abu biyu a hannu kamar faifai, yana nuna wa matuƙi ya yi sama ko ya yi ƙasa. In ya kaɗa su bisa kansa, to a fasa sauka a sake zagayowa, ko da mai tuƙin ya girme shi a muƙami. Taya na taɓa ƙasa sai a sake tashi, a kewayo, a sake taɓawa, haka har rana ta faɗi, mako da makonni, sai idon mutum ya san wurin ba tare da ya yi tunani ba. Wanda ya sauka a wajen fenti, abokansa su ce ya faɗa teku, su jira shi da bokitin ruwa su sheƙa masa.

"Wasu kuma ba bokiti ya jira su ba," in ji shi. Ya nuna bakin itatuwa da sandarsa. "Yara ne, da yawansu ba su fara aske gemu ba."

Bayan yaƙi aka rufe filin. Da wani yaƙin ya taso aka sake buɗe shi, aka ƙara wa titi ɗaya tsawo saboda sababbin jirage masu ƙara, aka maye mai faifai da fitilu. Daga baya aka rufe shi gaba ɗaya. Ya yi zamani masu shanu suna yankan ciyawa a ciki, ya yi zamani samari suna tseren motoci, kafin a ba masu binciken noma. Na tambaye shi yadda ya san duk wannan, ko soja ya yi.

Ya ce a'a, lebura ne. Shekara ashirin da wani abu yana tsince tsakuwa a titin nan, kuma duk lokacin da zanen ya dushe shi ake ba bokitin fenti ya sabunta. Sai ya buga sandarsa a kan simintin. "Nan gonar gyaɗar mahaifina ce."

Yana ɗan shekara huɗu aka zo aka ce gidaje goma sha wani abu su tashi, yaƙi yana bukatar wurin. Suka koma bayan gari. Mahaifinsa bai daɗe ba ya rasu. Shi Amos bai tuna komai na gonar ba. Amma mahaifiyarsa, duk ranar Lahadi bayan sun ci abinci, sai ta ture tebur gefe, ta ɗauki alli ta zana gonar a daɓen kicin. Ga rijiya, ga gida, ga itacen da ke iyaka da maƙwabci, ga maƙabarta. Ta sa shi ya tsaya a kan rijiya ya faɗi taku nawa ne zuwa kowane wuri, da inda rana take idan ya fuskanci can. In ya yi kuskure ya koma rijiya ya sake. Ya ce ya tsani ranar Lahadi saboda haka.

"Ranar da na fara aiki a nan ina ɗan shekara ashirin," in ji shi, "lokacin hutun cin abinci na bar mutane na miƙe. Ban tambayi kowa ba. Na je na tsaya a kan rijiyar. An rufe ta da siminti, amma tana nan inda Mama ta ce. Su suna koyon sauka a jirgin da ba ya nan, ni ma ashe abin da ake koya mini ke nan a kicin."

Ni da bakina na malami sai na ce, to amma an mayar muku da gonar?

Ya ce ba a mayar ba, kuma ya daina sa rai. Na ce to mene ne amfanin wahalar da ta ba shi. Ban so tambayar ta fito da kaifi haka ba, amma bai ji haushi ba. Ya juya ya nuna shingen wayar da na same shi a gindinsa. Ya ce lokacin da za a ba masu binciken noma filin, an zo za a bi wannan kusurwar da motar noma. Alamomin kaburbura na katako ne, sun ruɓe tun tuni, kuma babu wurin a taswirar kowa. Ya je ya ce akwai mutane kwance a nan, aka ce ya kawo shaida. Ya tsaya a kan rijiya, ya ba rana baya, ya ƙirga takunsa a gabansu, ya ce a duba nan. Aka duba aka samu. Shi ne aka kewaye wurin, aka ba shi makulli. Kakansa da kakarsa da yayyensa biyu suna ciki.

A daren da ya gabaci wannan rana, da an tambaye ni, da na ce na zo Amurka ganin jika ne. A tsaye a kan wannan fentin kuwa ba abin da nake gani sai Baffa a bakin zaure yana cewa in zauna. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Ranar Asabar ta gaba ita ce ranar da zuriyar gidajen nan suke taruwa sau ɗaya a shekara su share maƙabartar, Mista Amos ya gayyace mu. Al'adarsu ta bambanta da tamu ƙwarai. Mata da yara duk suna shiga, ana ajiye furanni, ana kiran matattu da sunansu kamar ana kiran rajista a aji. Da aka gama kuma aka jera tebura a kan titin jirgi aka hau ci, kaburbura na kallonmu. Da farko abin ya yi mini nauyi. Amma da aka buɗe kwanuka sai na ga wake, na ga kuɓewa soyayya, na ga wani fate na masara, na ga ganye kamar an kwaɗo shi a Zurmi. Wata jikarsa ta riƙa bina tana nuna mini wanda babu naman alade a ciki. Na ba su yajin Yaya Kulu, wani ƙato ya zuba cokali guda ya sha ruwa kofi uku yana yabawa da hawaye. Kafin a watse, na ga Mista Amos ya tsayar da jikokinsa manya a kan rijiya, yana sa su ƙirga taku.

Da zan dawo na gaya wa Bashar abin da ya sami geron. Ya ce, "Baba, ai ko an bari ya shigo, ban san ƙasar da ya saba da ita ba. Wace iri ce, jigawa ko laka?" Ban sani ba.

Wata biyu na yi. Na iso Kaura da la'asar, na tarar da Baffa a inda na bar shi, sai dai ya rame, kuma da ya ɗaga kai ya gan ni sunan mahaifina ya fara kira kafin ya gyara. Bayan an gama gaishe-gaishe na miƙa masa tsummansa babu komai a ciki, na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da tari.

"Iri ina da shi cikin gora," ya ce. "Abin da ni ka tsoron shi ɓace ba cikin gora ya ke ba."

Na ce, "Baffa, gobe za mu zauna. Ba ma zama ba, takawa za mu yi."

Washegari da hantsi na sa aka tara mini tokar gidan biredi bokiti biyu, na ɗauki Baffa a keke napep zuwa wani fili da ke bayan unguwarmu, inda babu gini babu shuka. Na kafa dutse na ce wannan ita ce rijiyar bakin gona. Ya kalle ni ya kalli dutsen, na zaci zai ce boko ya ƙarasa ni. Sai kawai ya gyara riƙon sandarsa, ya juya ya fuskanci arewa, ya fara tafiya. Ina biye da shi ina zuba toka.

Ya ce daga rijiya taku sittin zuwa aduwa. Da muka cika sittin ya tsaya, ya miƙa hannu gefe kamar zai dafa itacen, ya ce, "Nan ubanka ka aje butatai." Daga aduwa aka bi layin gamba zuwa wani suri, daga suri aka karya yamma har kanya biyu da suka fito a gindi ɗaya, inda muka yi iyaka da gidan liman. Yana faɗa yana ba da labari, inda kura ta taɓa bi, inda ruwa ke kwanciya, inda gero ke fin tsawo. Na tambaye shi ƙasar, ya ce jigawa ce sai gefen kudu da ke da ɗan laka, na rubuta don Bashar. Mutane suka taru. Wani ya aika a gaya wa mai unguwa cewa Malam Lawali ya dawo daga Amurka ya fara yankan fili, sai da na je na yi rantsuwa cewa ruwan farko zai wanke komai.

Arewa, yamma da kudu muka rufe su kafin azahar. Saura gabas, inda gonar ta yi iyaka da burtalin shanu. Muka tsaya a kusurwa. Baffa ya yi taku goma ya tsaya. Ya dawo ya sake farawa, ya yi sha biyar ya karkata dama, ya ce a'a. Ya ce akwai marke, sannan ya ce marken na gonar wani ne. Na ce mu huta, ƙila rana ce.

"Ba rana ba ta," in ji shi. "Wajen ga ni da Buba munka kahwa shi, shi da shanunai ni da gero, kowa ya aza dutse. Ina ganin hannunai, ba ni ganin wurin." Ya ɗago ya dube ni, babu faɗa a muryarsa. "Bara ina sane da shi, Lawali. Sau nawa nic ce ka zamna?"

Mun koma sau uku bayan nan, da safe, da yamma, bayan ya ci abinci ya huta, gabas ba ta dawo masa ba. Buba makiyayi ne, maƙwabcinmu na shekara arba'in, shi ma tashin da aka yi ya kore shi, an ce ya ƙetara Nijar da abin da ya rage masa na shanu. Na ba ɗalibina dillali saƙo a karar Shinkafi, duk wanda ya zo daga tsallake a tambaye shi. Har yau shiru.

To, masu tambayar bokiti, kun ji. Duk Juma'a da safe ina zuwa in sabunta tokar, in tsaya a kan dutsen, in taka arewa da yamma da kudu ina faɗin sunayen itatuwa, in na yi kuskure in koma rijiya. Yanzu ina yi ba na duba takarda. In na iso gabas sai in yi taku goma in tsaya inda Baffa ya tsaya, in ajiye bokitin da sauran tokar a ciki.